Asalin Kalmar "Trapezoid" da Yadda Ma'anarta ta Juya

Gabatarwa

Galibi idan aka yi maganar tarihin kalmomi, hankalinmu mu ɗaliban Hausa yakan tafi ne ga kalmomin aro irin su alƙalami da sabulu da mota, waɗanda muka san hanyar da suka biyo suka shigo mana. A wannan 'yar maƙala ina so in ɗan kauce wa wannan turba, in ɗauko wata kalma daga fannin lissafi, watau "trapezoid", tare da 'yar'uwarta "trapezium", in bi sawunsu tun daga inda aka haife su.

Dalilina kuwa shi ne, waɗannan kalmomi biyu suna rikita ƙannenmu na sakandare. Yaro zai buɗe littafin da aka rubuta bisa tsarin Ingila, ya ga an zana siffa mai gefe huɗu wadda gefunanta biyu suke tafiya daura da juna kamar ƙarafan layin dogo, an rubuta "trapezium" a ƙarƙashinta. Sa'an nan ya ɗauki littafin Amurka, ko ya leƙa intanet, ya tarar da wannan siffa ɗin dai an kira ta "trapezoid", an kuma ba da sunan "trapezium" ga wata siffa dabam. Sai ya rasa wa ya yi kuskure. Amsar tana cikin tarihi, kuma akwai darasi a ciki ga duk mai sha'awar ƙirƙiro wa Hausa kalmomin ilimin zamani.

Siffar ta girmi sunanta

Kafin mu je ga suna, ya kamata mai karatu ya san siffar da muke magana a kai. Ka dubi bokiti daga gefe: bakinsa da gindinsa suna daura da juna, ɗaya ya fi ɗaya faɗi, gefuna biyu kuwa sun karkace. Haka siket yake idan an shimfiɗa shi, haka kuma magudanar ruwan noman rani take idan ka tsaya a bakinta ka duba, sama da faɗi, ƙasa a tsuke. Hanyar auna girmanta mai sauƙi ce. A haɗa tsawon gefuna biyun nan masu daura da juna, a raba biyu, a ninka da tazarar da ke tsakaninsu. Gonar da gabanta taku 60 ne, bayanta taku 40, tsakaninsu kuma taku 30, girmanta 50 sau 30 ke nan, watau 1,500.

Mutanen Masar na dā sun san wannan hanya tun Girkawa ba su fara rubutun lissafi ba. Akwai wani kundi da wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda wani Bature mai suna Rhind ya saya a Luksor a 1858, daga baya aka adana shi a babban gidan tarihi na Landan. Tambaya ta 52 a cikinsa game da wani fili ne mai wannan siffa: gindinsa 6, wurin da aka yanke 4, tsawonsa 20, a ma'auninsu na ƙasa. Magatakardan ya haɗa 6 da 4, ya raba biyu ya sami 5, ya ninka da 20 ya sami 100. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne yadda suka ɗauki siffar. A wurinsu alwatika ce da aka yanke wa kai. Zan komo kan wannan a ƙarshe.

Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, su ma sun yi aiki da ita, har suka kai ta sama. A 2016 wani masani mai suna Mathieu Ossendrijver ya nuna cewa wasu allunan yumɓu da aka rubuta tsakanin shekara 350 da 50 kafin haihuwar Annabi Isa suna lissafin tafiyar tauraron Mushtari ne ta hanyar wannan siffa. Saurin tauraron yana raguwa kullum cikin kwana 60. Sai suka ɗauki saurinsa na ranar farko a matsayin dogon gefe, na ranar ƙarshe a matsayin gajeren gefe, kwanakin kuma su ne tazarar tsakani. Girman filin siffar shi ne nisan da tauraron ya ci. Kafin wannan bincike, malaman Okisfod da Faris na ƙarni na 14 ake jingina wa fara wannan dabara.

Teburin Girkawa

Sunan kuwa daga Girkawa ya fito. Tebur a harshensu shi ne "trapeza". Kalmar haɗin gambiza ce ta kalmomi biyu, "tetra" mai nufin huɗu, da "peza" mai nufin ƙafa, aka taƙaita farkonta saboda sauƙin faɗi. Ma'anarta ta asali ke nan "mai ƙafa huɗu", ko da yake yawancin ƙananan teburan cin abinci da ake gani a zanen tukwanensu ƙafa uku gare su, biyu a ɗaya ƙarshen, ɗaya a ɗayan, don su zauna daram a kan daɓen da bai daidaita ba. Idan Bagirke yana son ya ƙanƙanta tebur, kamar yadda mu muke cewa "ɗan tebur", sai ya ce "trapezion". Wannan ce Latin ta mayar "trapezium". A ganina kamannin a fili yake: ka dubi ɗan tebur daga gefe, mai ƙafafu a ware, za ka ga samansa gajeren layi ne, ƙasan da ya tsaya a kai dogon layi, ƙafafun kuma su ne gefuna biyu masu karkata.

Sai kuma ɗafin ƙarshe na "trapezoid". Asalinsa kalmar "eidos" ce, watau kama ko siffa. Duk kalmar da aka liƙa wa shi, ma'anarta takan zama "mai kama da kaza". Mun san shi a cikin ciwon taifod, wanda aka raɗa wa wannan suna don ya yi kama da wani ciwo mai suna "typhus". Muna kuma ganinsa a Android, wadda asalin ma'anarta "mai kama da mutum". Saboda haka "trapezoid" na nufin mai kama da ɗan tebur, wanda bai kai ga zama shi ba.

Wannan tebur na Girkawa ya haifi 'ya'ya da yawa. 'Yan canjin kuɗi na birnin Atina a kan tebur suke kasa tsabarsu a kasuwa, don haka ake ce musu "trapezitai", masu tebur, kuma har yau a ƙasar Girka "trapeza" ake rubutawa a ƙofar banki. Ita ma kalmarmu ta banki irin wannan tafiya ta yi, domin asalinta "banca" ce ta Italiyanci, watau bencin 'yan canji. Birnin Trabzon na Turkiyya, a gaɓar Bahar Aswad, sunansa na dā Trapezus, saboda tudun da aka gina shi a kai mai shimfiɗaɗɗen kai kamar tebur. A wuyan hannun kowannenmu akwai ƙananan ƙasusuwa takwas, likitoci suna kiran na gindin babban yatsa "trapezium", na kusa da shi kuma "trapezoid". Lilon da 'yan wasan tsalle suke kamawa a sama, wanda Jules Léotard ya yi suna da shi a Faris a 1859, Faransawa "trapèze" suke ce masa, saboda siffar da sanda da igiyoyi biyu da rufin ɗaki suke bayarwa.

Yuklid da masu sharhinsa

Wanda ya shigar da kalmar cikin littafin da duniya ta fi karantawa a wannan fanni shi ne Yuklid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidisu. Ya yi koyarwa a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tattara ilimin auna siffofi cikin juzu'i 13. A farkon juzu'i na ɗaya, a bayani na 22, ya kasa siffofi masu gefe huɗu. Ya ambaci murabba'i, da doguwar siffa irin ta ƙofa, da "rhombus" wanda yake kamar murabba'in da aka tura ya karkace, da "rhomboid" mai kama da shi amma gefunansa ba duka suke daidai ba. Duk abin da ya rage bayan waɗannan huɗu, sai ya tara su a kwando guda ya kira su "trapezia", jam'in "trapezion". Ke nan a wurin Yuklid kalmar ba ta keɓanta ga mai gefuna biyu daura da juna ba. Sunan ragowa ne kawai. Kalmar "trapezoid" kuwa ba ta cikin rabonsa sam.

Waɗanda suka zo bayansa suka ga kwandon ya yi girma. Posidonius, mutumin Afamiya ta ƙasar Sham wanda ya yi koyarwa a tsibirin Rodas a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, ya sake rabon ya zama kashi bakwai. Labarin wannan rabo ya iso mana ne ta hannun Proclus, shugaban makarantar falsafa ta Atina, wanda ya rayu daga 412 zuwa 485, ya kuma rubuta sharhi a kan juzu'in farko na Yuklid. A wannan tsari an bar huɗun farko yadda suke. Ragowar kuwa aka raba ta uku: "trapezium" mai gefuna biyu daura da juna da ƙafafu daidai, "trapezium" mai gefuna biyu daura da juna da ƙafafun da suka saɓa, sai kuma "trapezoid", wanda babu ko gefuna biyu a jikinsa da ke daura da juna.

Idan mai karatu ya lura, wannan suna ya dace da ma'anar ɗafin da muka yi bayani. Tebur na ƙwarai samansa yana daura da ƙasa. Wanda samansa ya karkace kuwa ya yi kama da tebur ne kawai, in ka ɗora ƙwarya a kai sai ta gangaro. Wannan ita ce ma'anar "trapezoid" ta asali, kuma kishiyar yadda Amurkawa suke amfani da ita ce a yau.

Zangon Bagadaza

Littafin Yuklid bai tafi Turai kai tsaye ba, sai da ya ya da zango a ƙasashen Musulmi. Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar ya fassara shi zuwa Larabci a zamanin Halifa Haruna Rashidu, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, ya kuma sake gyara fassarar a zamanin Ma'amun. Bayansa Ishaƙu ɗan Hunainu ya yi wata fassarar, Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya duba ta ya inganta. Waɗannan mafassara ba su ari kalmar Girkawa ba, ba su kuma fassara ta da tebur ba. Sun dubi siffar suka kira ta "munharif", watau karkatacce, wanda ya kauce. Tushen kalmar ɗaya ne da na "harf", inda muka samo harafi, domin ma'anar farko ta "harf" ita ce gefe ko bakin abu.

Wajen 1120 wani Ba'ingile mai suna Adelard, mutumin garin Bath, ya fassara littafin daga Larabci zuwa Latin. Wajen 1260 Campanus, mutumin Novara ta Italiya, ya fito da nasa gyararren kwafi, wanda shi ne aka fara bugawa da injin ɗab'i a birnin Venis a 1482. A cikin wannan kwafi kalmar Larabci ce zaune, an murɗe ta ta koma "helmuariphe", watau "almunharif", kamar yadda "almu'ayyan" ta koma "helmuayn" a madadin "rhombus". Ashe ɗaliban jami'o'in Turai sun yi shekaru aru-aru suna haddace kalmar Larabci a darasin lissafi, kamar yadda mu muke haddace ta Turanci yanzu.

Teburin Girkawa ya dawo ne sa'ad da Turawa suka koma ga matanin asali. A 1533 aka buga Yuklid cikin Girkanci a birnin Basel, aka haɗa da sharhin Proclus. Daga nan rabon Proclus ya bazu cikin harsunan Turai. Faransawa suka ce "trapèze", Jamusawa "Trapez", mutanen Sifen "trapecio", duk ga siffar mai gefuna biyu daura da juna. A 1570 Henry Billingsley ya fitar da fassarar Yuklid ta farko cikin Ingilishi, "trapezium" ta shiga harshen. "Trapezoid" kuwa ta bayyana a Ingilishi a farkon ƙarni na 18.

Ƙamus guda ya juya suna

To, a ina aka sami musayar? Masu binciken tarihin kalmomin Ingilishi suna nuna wani mutum mai suna Charles Hutton. An haife shi a Newcastle a 1737, a gidan ma'aikacin haƙar kwal, ya koyar da kansa lissafi har ya zama shehun malami a makarantar horar da hafsoshin soja ta Woolwich a 1773. A 1795 ya fitar da babban ƙamus na lissafi da kimiyya mai juzu'i biyu. A ciki ya ba da sunan "trapezoid" ga siffar mai gefuna biyu daura da juna, ya bar "trapezium" ga wadda ba ta da su, bai kuwa kawo dalili ba.

Don a yi masa adalci, ya kamata a tuna cewa a wurin Yuklid kansa "trapezium" sunan duk wata siffa ce marar tsari, saboda haka wanda ya tsaya ga Yuklid kaɗai yana iya ganin Hutton bai yi nisa ba. Sai dai ya saɓa wa Proclus, ya kuma saɓa wa sauran harsunan Turai. Da yake mutum ne mai suna, littattafansa kuma su ne a hannun malamai, sai maganarsa ta zauna. An sake buga littafinsa na koyar da lissafi a Amurka a farkon ƙarni na 19, aka yi karatu da shi a makarantun can. Wajen 1875 mutanen Ingila suka koma ga tsohon tsari. Amurkawa kuwa sun riga sun saba, ba su koma ba. Hutton ya rasu tun 1823, amma har yau yaran Amurka da Kanada da bakinsa suke kiran wannan siffa.

Mu a Nijeriya da Gana tsarin Ingila muka gada, shi ya sa "trapezium" ake rubutawa a allunanmu da takardun jarrabawarmu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram "trapèze" suka sani, wadda ta yi daidai da tamu. Almajirin da ya yi karatu a Masar ko Sudan kuwa zai dawo da "shibhu munharif", watau mai kama da karkatacce, wadda a ƙirarta fassarar "trapezoid" ce, kuma ita ce sunan wannan siffa a littattafan Larabci na makarantun zamani. Bahaushe ɗaya ke nan yana iya cin karo da suna huɗu a kan siffa ɗaya.

Akwai kuma wata gardamar da ba ta mutu ba tsakanin malaman lissafi. Wasu sun ce sharaɗi ne gefuna biyu kaɗai su kasance daura da juna, kamar yadda Proclus ya tsara. Wasu sun ce in dai an sami biyu to ya wadatar, ko da sauran biyun ma suna daura da juna, wanda ke nufin murabba'i ma yana cikin dangin. Masu lissafi mai zurfi sun fi son ra'ayi na biyu, domin idan suna auna filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layi sukan yayyanka shi ne zuwa irin waɗannan siffofi, kuma wani yankin yakan fito kamar ƙofa sak.

Ina muka dosa da Hausa?

Tun da manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta yi maganar koyar da yaran farkon firamare cikin harshen uwa, masana suke ta ƙoƙarin samar wa Hausa kalmomin lissafi. Muna da murabba'i da da'ira da muka aro daga Larabci, muna da alwatika da kusurwa. Idan aka zo kan wannan siffa, hanya uku nake gani. Ta farko, mu ari ta Turanci mu daidaita ta da bakinmu, sai dai mun shigo da rikicin Hutton cikin gida ke nan, ga kuma nauyin faɗi. Ta biyu, mu ari ta Larabci mu ce munharifi, ta shiga sahun murabba'i, sai dai wanda ya yi karatun Larabci zai ce mun yar da rabin sunan. Ta uku, mu yi abin da mafassaran Bagadaza suka yi, mu dubi siffar mu raɗa mata suna da abin da ido ya gani.

Ni dai ta ukun na zaɓa, kuma shawarata ita ce mu bi mutanen Masar na dā mu ce "yankakkiyar alwatika". Duk siffar da gefunanta biyu kaɗai ke daura da juna, idan ka ja ƙafafunta biyu suka ci gaba, tilas su haɗu a wuri guda, alwatika ta fito. Yaron da aka gaya wa wannan suna ya riga ya ga siffar a zuciyarsa tun ba a zana masa ba, kuma malami yana iya ɗaukar almakashi ya yanke kan alwatikar takarda a gabansa. Na san sunan yana da tsawo, kuma bai ɗauki murabba'i a cikin dangi ba, saboda haka masu ra'ayi na biyu za su yi ƙorafi. Amma a firamare da ƙaramar sakandare, inda aka fi bukatarsa, ya isa.

Kammalawa

Bahaushe ya ce suna linzami ne. Mun ga yadda ƙamus guda na 1795 ya raba masu harshe ɗaya gida biyu a kan siffar da ko yaro yana iya zanawa, kuma shekaru fiye da 200 ba su ɗinke ɓarakar ba. Mu da muke a farkon aikin, da yawa daga cikinmu malaman makaranta da mafassara da marubuta littattafai za mu zama, kuma kalmar da muka fara sa wa a takarda ita yara za su haddace. Don haka kafin kowa ya buga tasa, ya kamata masana Hausa da malaman lissafi na Nijeriya da Nijar su zauna tare su tsai da suna ɗaya, su kuma rubuta dalilin zaɓensa a gefensa, abin da Hutton bai yi ba. Wanda yake da sunan da ya fi nawa dacewa, musamman 'yan'uwa na sashen lissafi, filin wannan mujalla a buɗe yake gare shi a fitowa ta gaba.